Kaurin Mai Ya Kai Ni Kumasi

Sai da muka wuce Kwatano sannan na gane direban da ya ɗauko mu daga Legas bai taɓa ganin Kumasi da idonsa ba. A tasha ya rantse mana cewa motarsa kai tsaye take zuwa, ba sauka ba canji. Na yarda da shi don ya yi mini Hausa, har ya ce kakarsa 'yar Ikara ce. Da muka tsaya shan mai sai na ji yana gaya wa wani fasinja cewa kakarsa 'yar Ilori ce.

Sunana Nafi'u, daga Gazara ta ƙasar Makarfi. Ban yi karatun injiniya ba. Sakandare na gama, na zauna a rumfar gyaran babur ta Kawu Ladan, ƙanin mahaifiyata, a bakin kasuwar Makarfi. A nan abin ya fara damuna. 'Yan acaɓa da masu ɗauko rake daga gona za su zo a yi musu juye, a zuba musu sabon baƙin mai mai kauri kamar zuma. Bayan sati biyu ko uku su dawo injin yana ƙara, giya tana wuyar shiga, ka kwance ka ga man ya koma kamar ruwan shayi. Kowa ya ce ai zafi ne. Na ce to ga shi ya huce, me ya hana shi komawa yadda yake? Haka na yi ta bincike a waya, ina karanta Turancin da rabinsa nake ganewa, har na gano kan abin.

Bari in faɗa muku yadda yake, don in ban faɗa ba sauran labarin ba zai shiga ba. Yawancin man da muke saya, asalinsa ba shi da wannan kaurin. Wani sinadari ake zuba masa mai dogayen zaruruwa da ido ba ya gani, su suke riƙe shi kada ya tsinke in ya ɗau zafi. Kamar dai yauƙin kuɓewa a miya. Shi kuma babur, mai ɗaya ne yake zagaya injin da giya, haƙoran giya kuwa ba su da aiki sai matse man nan da murje shi a tsakaninsu, suna tsittsinka zaren. In sinadarin mai kyau ne, zai jure. In na banza ne, miya ta tsinke, kuma ba ta dawowa. Murza mai tsakanin yatsu biyu da muke yi a rumfa ba zai taɓa nuna maka wannan ba, don kowane sabon mai da kaurinsa yake zuwa. Masu ilimin abin sukan tura man ta nozul na injin gas, ɗan bakin ƙarfen nan mai ƙanƙanin rami da yake fesa gas da ƙarfi. Su maimaita sau talatin, sannan su auna kaurinsa a zafin tafasasshen ruwa, su gwada da yadda yake kafin a tura shi. Ni da jak ɗin mota da tsohon nozul na tarakta na haɗa nawa. Awon kuma da wani siririn bututun gilas da na samo a Zariya nake yi. In tsoma shi cikin ruwa mai tafasa, in bar man ya gangara daga wannan layi zuwa wancan, in duba daƙiƙa nawa ya ci a agogon waya. Na ɗauki bidiyo na watsa, na rubuta a samansa "gwajin kaurin mai".

Bidiyon nan ne ya yi ta yawo har ya faɗa wayar wani Alhaji Mumuni, dillalin baƙin mai a Kumasi. Ya rubuto mini cewa kauri ya dame shi a kasuwancinsa, yana neman wanda ya san gwajinsa, in zo akwai aiki da wurin kwana. Duk Gazara ba wanda ban gaya wa an ɗauke ni aikin gwajin mai a Gana ba. Har limaminmu sai da na tsare shi bayan sallar la'asar. Wannan surutun nawa shi ya yi ta hana ni juyowa duk lokacin da raina ya ce in juyo.

Kayan aikina suna cikin buhu a bayan mota, jak da nozul da bututun ƙarfe. Gilas ɗin kuwa na zura shi cikin guntun gora, na toshe da auduga, na sa a aljihun gaba. Kusa da ni a kujera wata Hajiya Rabi ce, 'yar kasuwar atamfa, sa'ar innata, wadda ta ce ta fi shekara goma tana bin hanyar nan. Tun daga Badagiri nake mata bayanin zaren mai. Tana cewa "uhm" tana cin goro.

A wani shingen hanya, ba zan faɗi wanne ba, aka sauke kaya. Wani mai kaki ya zazzage buhuna, ya ɗaga nozul ɗin da bututun, ya yi mini tambaya da Faransanci. Ba na jin ko kalma ɗaya. Sai na shiga yi masa bayani da hannu, ina nuna yadda ake danna jak, ina nuna yadda abin yake fita da ƙarfi, har da yin ƙarar da bakina. Ina ganin fuskarsa tana canzawa amma ban gane zaton makami yake yi ba, na ɗauka sha'awa ce. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Hajiya Rabi ce ta sauko tana gyara mayafi, ta yi musu magana kamar minti biyar, suka yi dariya suka mayar mini da kayan.

Da muka koma mota na tambaye ta me ta ce musu.

"Na ce musu kai bakanike ne, kuma ba ka cika lafiya ba," in ji ta. "Ɗan nan, in an tambaye ka, ka ce kayan gyara ne, ka rufe bakinka. Ba a koyar da mutane karatu a kan hanya."

Na ji haushi, amma na yi godiya.

A Aflao, bakin shiga Gana, direba ya ce motarsa ta samu matsala, zai miƙa mu ga wani ɗan'uwansa. Mota lafiyarta ƙalau, ni bakanike ne, da kunnena na ji ta. Kafin mu gama gardama wasu mutane sun fara kwashe kaya suna rarrabawa a motoci uku, kowa yana ihu da yarensa. Na je a buga mini hatimi a takarda, na dawo, ba direba, ba buhuna. Wani ya ce ya ga an ɗora shi a motar Akara, wani ya ce ta Ho. Na zagaye tashar nan har ƙafata ta fara zafi. Jak ɗin nan wata huɗu na yi ina gyara shi kafin ya daina yoyo.

Hajiya Rabi Akara za ta je. Ta zaunar da ni a benci, ta saya mini shinkafa da wake a ganye, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Ta karɓi lambata ta ce za ta duba tashar can. Ta kuwa duba, don ta kira ni bayan kwana biyu ta ce ba labari, in yi haƙuri. Ban ƙara ganinta ba. Haka na shiga Kumasi da jakar tufafi da guntun gora a aljihu.

Shagon Alhaji Mumuni yana gefen unguwar makanikai da suke kira Magazin. Ban taɓa ganin irinta ba. Rumfuna ne jere da jere, injuna a kwance, giyoyi a tule kamar doya a kasuwa, ana walda ana bugun ƙarfe, ka yi tafiyar awa ba ka kai ƙarshe ba. Duk baƙin cikin buhuna sai da na tsaya ina kallo baki buɗe.

Alhajin gajere ne mai fara'a, haifaffen Zangon Kumasi. Na cire takalmi na durƙusa zan fara gaisuwa yadda aka koya mini, ban kai ga tambayar iyali ba ya ce in tashi, ƙasan duk mai ne. Hausarsu ta ba ni dariya a raina. Mace ma "shi" suke ce mata, kuma ba su da ƙa, ƙofa kofa ce, ƙarfe karfe ne. Ya ba ni wani ɗaki a bayan sito, tsakanin duro da duro, da tabarma da bokiti. Na gaya masa an ɓatar mini da kayan aiki. Ya ce ba komai, ai wannan aikin ba ya buƙatar kaya. Na yi mamaki, amma gajiya ta hana ni tambaya.

Da yamma Inna ta kira. Ta tambaya ko an ba ni ofis, ko akwai fanka. Na ce ana kan shiri. Ina jin kukan awakinmu ta cikin wayar, da muryar maƙwabciyarmu tana tambayar ko ni ne. Na ce caji zai ƙare, na kashe.

Washegari da safe Alhaji ya kai ni sito, ya buɗe wani duro, ya tsoma sanda, ya ɗago ta ya kawo daidai hancina.

"Shinshina," ya ce.

Na shinshina, don babba ne.

"Akwai kauri?"

Na ce masa, cikin ladabi, ba a gane kauri da hanci. Ya dube ni kamar na ce ba a gane gishiri da harshe. Ya ce to da me ake ganewa? Na fara masa bayanin nozul da gilas da ruwan zafi. Ya bari na yi nisa, sannan ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, abin da yake so ya sani kawai, in injin ya yi zafi, man zai tashi da kauri ko ba zai tashi ba. Kalmar "tashi" ɗin nan ce ta tsaya mini. Kauri ba ya tashi.

"Alhaji, kauri kake nufi ko ƙauri?"

"Eh, kauri."

"Irin na zuma, ko irin na tuwon da ya kama a gindin tukunya?"

"Na tuwo mana. Wa yake maganar zuma?"

Ashe bara wani ya sayar masa da tsohon man da aka juye daga motoci, aka tace aka wanke masa launi. Masu saye suka yi ta dawo masa da shi suna cewa yana warin ƙonewa. Tun daga nan yake neman wanda zai iya gano masa irin wannan man kafin ya saya. Bidiyona kuwa bai kalla har ƙarshe ba. Rubutun sama ya gani, ya gan ni tsugune gaban tukunya tana tururi, ya ce lallai yaron nan ya san kan abin. A waya ba wanda yake sa wa ƙa lanƙwasa, ni ban sa ba, shi bai sa ba. Da ma kira na yi masa ba abin da zai canza, tunda a bakinsa duk ɗaya ne. Na ƙetare iyaka uku, na rasa jak, na cika Gazara da labari, an kawo ni in yi aikin hanci.

Na fita bayan sito na zauna a kan taya. Ban san wa zan ji wa haushi ba. Shi, ko ni, ko wanda ya ƙera wayar.

Ba zan ci haƙƙin Alhaji ba, bai kore ni ba. Ya ce in zauna zuwa Asabar, akwai motar masu albasa da za ta koma arewa, zai haɗa ni da su. Ran nan Talata ce. Yana cikin wannan maganar sai ya nuna mini wani galan, ya ce samfurin sabon man babur ne da wani ya kawo masa da araha, duro da yawa, ran Asabar ɗin zai ba da amsa. Ba ya wari, kuma duk makaniken da ya murza ya yaba. Na murza ni ma. Da na raba yatsuna sai na ga yana jan zare dogo, ya fi na kowane mai da na sani. Wannan ba hujja ba ce, amma raina ya ba ni cewa siririn mai ne aka cika wa sinadari. Na roƙe shi ya bar ni in gwada kafin ya saya.

Ya yi dariya ya ce da me, da goran aljihuna? Sannan ya ce, "To. In ka nuna mini abin da hancina da yatsana ba su nuna mini ba kafin Asabar, aiki naka ne. In ba haka ba, motar albasa."

Kwana biyu na yi ina yawo a Magazin ina neman jak da nozul. Turancina da nasu ba sa haɗuwa. Wani ya ɗauka jak nake sayarwa. Wani ya miƙo mini nozul da tsatsa ta toshe shi gaba ɗaya, ya rantse sabo ne, da na hura na nuna masa ya ce iskar Nijeriya ce ba ta da ƙarfi. Ko na samu kayan ma, haɗa su ba aikin kwana biyu ba ne, na sani, amma zama ya fi mini ciwo.

Ran Alhamis da rana na faɗa wata rumfa a can ciki, inda wani dattijo Ba'asante yake gyaran nozul. Masta Kwabena ake ce masa, ni Baba nake kiransa. A kan teburinsa na ga abin da a hoto kawai na taɓa gani: injin gwada nozul na gaske, mai hannun dannawa da agogon nuna ƙarfi. Abin da na yi wata huɗu ina kwaikwayo da jak, ga shi a zaune an ɗora masa kofin shayi.

Da na gaya masa abin da nake so, ya ce a'a tun ban gama ba. Gas ake zuba wa injinsa, ba wanda zai cusa masa baƙin mai. 'Yar Hausarsa ta kasuwa ce, Turancina kuma na waya, muka yi ta karo. Da na ga magana ba za ta kai ba, sai na zare dogon zare daga tsumma, na ɗauki giyoyi biyu a ƙasa, na sa zaren tsakanin haƙoransu na juya. Ya fito guntu-guntu. Na nuna galan, na nuna zaren. Dattijon ya ɗauki guntayen ya jera su a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko shi ya sa man babur yake saurin mutuwa fiye da na mota. Na ce shi ne. Shekara nawa ina faɗar wannan a Makarfi, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Ya ce in zo gobe. Amma in na gama zan wanke masa injin da gas sau biyu, yana tsaye. Ya ciro wani tsohon nozul mai lafiya daga gwangwani ya ajiye mini. Da zan tafi ya tambaya ko na ci abinci, na ce eh, ya dubi fuskata ya saya mini gasasshiyar ayaba da gyaɗa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka yi gwajin. Na aro kurfoti da tukunya wurin mai koko ta bakin layi. Na ce wa Alhaji ya kawo mai iri biyu, sabon nan mai araha, da wani daga kantarsa wanda ya san kowa ya yarda da shi. Na fara auna su yadda suke. Kowanne ya ci kusan minti ɗaya da rabi kafin ya gangara daga layi zuwa layi, mai arahar ma ya ɗan fi jinkiri. Alhaji ya ce, ka gani? Na ce a yi haƙuri tukuna.

Sai dannawa. Baƙin mai ba gas ba ne, ko an ɗumama shi tauri gare shi. Ka danna, ya fita ta nozul, ka tare a kwalba, ka mayar, ka sake. Sau talatin na wannan, a wanke, sau talatin na wancan. Tun a na goma kafaɗata ta fara rawa. Makanikai da masu babur suka taru, wani ya ce ɗan Nijeriya yana dafa shayi, wani ya ce a kawo burodi. Masta Kwabena kuwa yana zana layi da alli a jikin tebur duk zagaye ɗaya, don kada a ce na yi ƙari ko ragi. Da hannuna ya gaza a na biyu, ya ture ni ya ƙarasa goman ƙarshe da kansa.

Na mayar da gilas cikin tafasasshen ruwa, na ba Alhaji wayar ya riƙe agogon da hannunsa. Man kantarsa ya rage 'yan daƙiƙu kaɗan, abin da ba a rasa ba. Mai arahar kuwa ya zube kamar ana korarsa, da ƙyar ya haura minti ɗaya. Na sake, haka. Na sake na uku, haka.

"Kai ka lalata shi da injinka," in ji Alhaji.

Na ce injin ɗaya ne, nozul ɗaya, dannawa ɗaya, ga allin Baba a tebur. Me ya sa wancan bai lalace ba? Kuma abin da nozul ya yi masa a yini guda, shi giya za ta yi masa a kan titi, sai dai a hankali. Wani mai babur ɗan Zango ya ce wallahi haka nasa yake yi, sati biyu ya fara ƙara. Alhaji ya tsoma yatsa a kwalbar, ya murza, ya sake murzawa.

Ni kuwa daɗi ya kwashe ni. Na hau yi wa taron bayani, zare da yauƙi da haƙoran giya, ɗan Zangon nan yana juya musu da yarensu. Na sa aka ɗauke ni bidiyo. Rabon da in ji daɗi irin na ran nan tun ranar da jak ɗina ya fara fesawa.

Ran Asabar da safe Alhaji ya kira ni cikin shago, ya sa aka kawo mini shayi da burodi, ya ce aiki ya zama nawa. Zai gyara mini ɗakin gaba, akwai fanka. Ina shirin durƙusawa in yi godiya sai ya ci gaba. Wai jiya ya kira mai kayan ya gaya masa abin da aka gani, mutumin ya rikice ya karya farashi, shi kuma ya saye duka.

Na ajiye kofin. Na ce, "Alhaji, man da muka ga ya tsinke?"

"Mai babur yatsa yake sa wa, ba nozul ba," ya ce. "Kai dai ka gwada mini duk kayan da aka kawo, ni na san yadda zan yi ciniki da shi."

Sharaɗinsa biyu ne. Gwaji a cikin sito za a riƙa yi, ƙofa a rufe, sakamako a kunnensa kaɗai. Bidiyon jiya kuma in goge. Bai faɗa da mugunta ba, kamar mai gaya maka lokacin buɗe shago ya faɗa.

Na ce ya ba ni zuwa azahar. Na koma kan tayar nan ta bayan sito. Ga ofis, ga fanka, ga abin da zan gaya wa Inna ba tare da ƙarya ba. In na ƙi, Gazara zan koma hannu biyu, ba jak, ba aiki, in wuce ta gaban limamin da na tsare. Ba zan ce muku na fi kowa tsoron Allah ba. Na dai tuna mutanen da suke turo babur rumfar Kawu da injin a ƙone, mutum ya tsaya yana kallonka kana kwancewa, ka san abincin gidansa ne a warwatse a kan buhu. Kuma na san kaina. Ko na yi alkawari, ranar da wani ya miƙo mini galan ɗin nan ya ce yaya ka gani, bakina ba zai rufu ba.

Da azahar na gaya masa ba zan iya ba. Bai yi faɗa ba. Ya girgiza kai ya ce yaran Nijeriya akwai ilimi ba dabara, ya ce in kwashe jakata kafin magariba, don ɗakin na ma'aikaci ne. Motar albasa kuwa tun safe ta tashi, lokacin ina shan shayi.

Masta Kwabena ne ya ba ni benci a rumfarsa. Sati uku na yi ina wanke masa nozul da goge kayan aiki kafin na haɗa kuɗin motar komawa gida. Na kira Inna na gaya mata gaskiya tun daga buhu har hanci. Da na gama, ta tambaya ko ina samun abinci. Kawu Ladan ya karɓi wayar yana dariya har yana tari, ya ce in yi sauri in dawo, 'yan rumfa sun riga sun raɗa mini suna Mai Hanci. A cikin satuttukan nan masu babur suka fara kawo mai a 'yan kwalabe a gwada musu, Baba yana gunaguni yana cewa na mayar masa da rumfa asibiti, amma shi yake riƙe allin.

Ana gobe zan taso, da hantsi, sai ga motar Alhaji Mumuni ta tsaya a bakin layi. Ya sauko ya gaida Baba, ya juyo ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi Inna da bai taɓa gani ba. Sai da ya ƙare duk wannan sannan ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani galan sabo, ba a fasa murfinsa ba. Ya rage murya ya ce ya saya wa ɗansa sabon babur na zuwa makaranta, yana so in duba masa wannan kafin a zuba.

Maganganu sun kai goma a bakina, duk na tanade su tun ran Asabar ɗin nan. Ɗaya kawai ta fita.

"Ba na duron za a zuba masa ba, Alhaji?"

Ya kalli titi. "Wancan na kasuwa ne."

Na so in ce ba zan yi ba. Amma irin man ne da ban taɓa gwadawa ba, kuma ina son in san yadda zai yi. Na ce masa a nan waje zan yi, kowa yana gani. Ya ce in yi.

Na hura gawayi, na danna sau talatin, Baba yana zana allinsa. Man ya jure, da ƙyar ya rage wani abu. Masu babur uku da suke jiran a duba nasu suka matso, suka karɓi galan ɗin suna juya shi suna karanta jikinsa. Ɗaya ya tambayi Alhaji ko akwai irinsa a shagonsa, yana so yanzu.

Alhaji ya karɓi galan ɗinsa, ya goge murfin da hannun riga, ya ce babu, shi ma a wani shago ya saya.